Manhajar SEO Sikeli Ce, Ba Edita Ba



Tun da matasa suka fara buɗe shafukan kansu a intanet, aka samu masu bin guruf-guruf na WhatsApp suna tallar ajin koyon SEO, wato dabarar da ke sa rubutu ya fito a sahun gaba idan an nemi abu a Google. Ilimin ba mu da rigima da shi. Rigimarmu da ɗan koyon da zai sauke manhaja yau, gobe ya miƙa mata alƙalaminsa. Mun karanta shafukan da yawa daga cikinku, daga Birnin Kudu har Gwaram, kuma kurakuran iri ɗaya ne, kamar an haɗa baki.

Na farko shi ne tsoron sifiri. Marubuci zai shigar da “zanen Dutsen Habude” cikin manhaja, ta nuna masa babu masu nema, sai ya ajiye batun ya koma rubuta yadda ake samun kuɗi a waya, abin da dubban shafuka suka riga shi. Ku sani, Google Keyword Planner don 'yan talla aka gina shi, domin su san kalmar da za su zuba wa kuɗi. Ahrefs da Semrush kuwa kintace suke yi, kuma ƙarfinsu ya fi yawa a harsunan da ke da ɗimbin rubutu a intanet. Idan suka ce sifiri, nufinsu ba su ƙirga ba. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu da duwatsun da ake kaɗawa su yi amo, masana sun yi rubutu a kansu da Turanci tun shekarun 1950. Da Hausa fa? Ɗalibin da aka ba aikin gida a kan garinsu zai nema, malaminsa zai nema, ɗan garin da ke zaune a Legas zai nema. Wanda ya fara rubuta shi da kyau, filin nasa ne shi kaɗai. Haka tarihin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Aliko Dangote ya yi sakandare, haka yadda ake cinikin riɗi a kasuwar Sara ta Gwaram. Wurin da manhaja ta yi shiru, can ne gonar da ba a nome ba.

Na biyu, kuma shi ya fi yi mana ciwo, shi ne yanke ƙugiya. Saboda yawancin masu nema ba sa sa ƙ da ɗ da ɓ a waya, manhaja za ta nuna “kasa” ta fi “ƙasa” yawan masu nema. Shi ke nan sai marubuci ya bi rubutunsa kaf ya aske ƙugiyoyi. To yanzu mai karatu ya gane mana: ƙura ce ta tashi a kasuwa ko kura? An ɓata yarinya ne ko an ba ta? Magabata sun sha wahala kafin a daidaita rubutun boko, mu kuma a ce za mu rushe shi don wata lamba da ke jikin allo? Mafita mai sauƙi ce. Adireshin shafi, wanda ke can sama, a rubuta shi babu ƙugiya don ya yi daɗin turawa. Jikin rubutu kuwa a ba kowane harafi haƙƙinsa.

Na uku shi ne bautar koriyar fitila. Duk mai amfani da WordPress ya san Yoast da fitilunta, ja da ruwan goro da kore. Hausa ba ta cikin harsunan da ta san nahawunsu. Ba ta san marubuci da marubuciya da marubuta 'yan gida ɗaya ne ba, don haka za ta yi ta ce maka ka ƙara maimaita kalma. Sakamakon shi ne irin wannan jimla: tarihin Birnin Kudu tarihi ne da duk mai neman tarihin Birnin Kudu zai so, domin tarihin Birnin Kudu yana da tarihi. Wallahi ko ɗan firamare ya kawo wa malaminsa wannan sai ya sha jan biro. Abin dariyar ma, Google da ake yi don shi ya daɗe da wuce nan. A 2009 ya bayyana cewa ba ya duba jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi. A 2011 ya fito da Panda don danne shafuka marasa nama, a 2012 Penguin don masu sayen linki da dabarun yaudara, a 2022 kuma ya ƙara wani tsarin da ke fifita rubutun da aka yi don mutane. Mai ajin da ya karɓi kuɗinka yana koya maka cusa kalma, tsohon kaya ya sayar maka.

Na huɗu ya wuce kuskure, zalunci ne. Manhaja ta nuna ana yawan neman cikakkun littattafan Hausa kyauta, sai yaro ya kwashi littafin da wata baiwar Allah ta yi wata shida tana bugawa a waya, tana sayarwa a gurufinta, ya zuba a shafinsa. Ba izini, wani lokaci ma har sunanta ya goge. Gobe shi ma zai rubuta nasa, kuma wanda ya koya wa hanyar yana nan yana jira. Ƙungiyar marubutan da ta ga ɗanta yana wannan ta yi shiru, ta ci amanar sauran 'ya'yanta.

Mun san abin da wasunku za su ce: data kuɗi ce, rajistar shafi kuɗi ce, rubutun da ba a gani ba kuma wahalar banza ce. Gaskiya ne, kuma ba mu ce ku jefar da manhaja ba. Mai awo a kasuwa ba ya raina sikeli, amma ba sikeli ke gaya masa abin da zai shuka ba. Ku fara rubutu tukuna, ku tace shi, ku ba wani ya karanta. Sannan ku sa take gajere mai faɗin abin da ke ciki, da sunan gari a fili idan batun na gari ne. Ku haɗa shafinku da Google Search Console, kyauta ne, kuma shi ba kintace yake yi ba: ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinku ya bayyana gare su yake nunawa. Ku duba ko shafin yana buɗewa da sauri a ƙaramar waya inda sabis ke rawa, domin mai karatunku na Basirka ba zai jira hoto mai nauyi ba. Sai haƙuri, don sabon shafi yakan ɗauki watanni kafin ya samu gurbi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zaɓi abu ɗaya a garinsu wanda ya nema da Hausa bai samu ba: sana'a, unguwa, kasuwa, ko tarihin wata makaranta. Ya je ya tambayi dattawa, ya rubuta kalma 500 da cikakkiyar ƙugiya, ya ajiye mana a nan ƙasa kafin Juma'a. Za mu karanta, mu gyara wa juna. Wanda kuma yake ganin mun zalunci manhaja, ga fili ga mai doki, amma ya zo da hujja.