Ɗan Agaji Ma Mutum Ne

Duk wanda ya san yadda ake shirya wa'azin ƙasa ko ginin makarantar Islamiyya a Gwandu da Kalgo, ya san waɗanda ke ɗauke da aikin. Samari ne 'yan ƙalilan. Su ne ɗiban ruwa, su ne kafa lasifika, su ne gadi cikin dare, kuma da asuba su za a aika Birnin Kebbi sayo siminti. In wa'adi ya matso, barci ya ƙare ke nan. Abin takaici, ranar da ɗayansu ya gaza ya daina zuwa, sai a ce imaninsa ne ya yi rauni.

Wannan hukunci zalunci ne, kuma tarihin Gwandu kansa ya ƙaryata shi. A ƙarshen 1804 jama'ar Shehu Usmanu ta yi asarar ɗimbin malamai da mahaddata a yaƙin Tsuntsuwa. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci cin Birnin Kebbi, jama'a ta tare a Gwandu, sai kuma aka sha kashi a Alwasa. Ga yunwa, ga rashin abokai, ga son duniya da ya ga yana shiga zukatan waɗanda suka rage. Wajen 1807 sai Wazirin Shehu ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Shi da kansa ya ba da wannan labari a Tazyinul Waraƙat, bai ɓoye ba. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta masu Liya'ul Hukkam, sannan ya komo. Wa zai ce Mai Gwandu raunin imani ne ya same shi?

Manzon Allah (SAW) ya ga igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci don ta riƙa dafawa in ta gaji da sallar dare, sai ya ba da umarni a kwance ta. Wannan fa ibada ce, balle dakon bulo.

Wajibi ne a kan shugabannin kwamitoci su raba aiki bi da bi, a rubuce. Wanda ya kwana gadi kada a aike shi da safe. Mai gona a bar shi da gonarsa da damina, ɗalibi a bar shi da jarrabawarsa. Wanda kuwa aka daina gani, shugaba ya taka da ƙafarsa zuwa gidansu ya ji abin da ke damunsa, tun kafin a sa sunansa a bakin majalisa.