Dabarun Bincike Ba Karatun Hadda Ba Ne

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu a wannan sashe namu ya san yadda muke yi wa kwas ɗin Dabarun Bincike. Mukan haddace ma'anar bincike da jerin kanun babi na ɗaya: manufar bincike, farfajiyar bincike, bitar ayyukan da suka gabata, hujjar ci gaba da bincike. Ranar jarrabawa mu juye su a takarda, mu sami maki. Idan lokacin rubuta kundi ya zo kuma, sai a nemo tsohon kundin wani, a sauya sunan gari ko sunan mawaƙi, a kai a buga. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, domin akwai manhajojin da za su tsara maka babi guda kafin shayinka ya huce.

Wannan dabara tana iya fitar da mutum a digiri na farko, amma tana ƙarewa a ƙofar digiri na biyu. A can, ranar da ɗalibi ya tsaya gaban malamai don kare batunsa, tambayoyin ba su da yawa: me kake son ganowa, wa ya riga ka, kuma ta wace hanya za ka samo bayanan? Wanda bai taɓa zama gaban wani dattijo da littafi da biro ba, a nan idonsa yake raina fata. Ra'ayina shi ne, bincike sana'a ce kamar saƙa ko ƙira, da hannu ake koyon sa, kuma tun yanzu ya kamata mu fara.

Na san uzurin da muke bayarwa. Mukan ce muna nesa da ƙasar Hausa, ba mu da ɗakin karatun Jami'ar Bayero, ba mu da Gidan Arewa na Kaduna. Gaskiya ne, amma fagen bincike yana bakin ƙofarmu. Wani manazarci mai suna Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan tsakanin 1962 da 1963, ya bi diddigin fataucin shanu da goro da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta haɗa kan mutanen unguwar. Littafin da ya fitar a 1969 har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Mu da muke jin harshen, me ya hana mu? Ga Agege da Idi-Araba a Legas, ga Sabon Shagamu, ga Ama Hausa a Owerri. Yaya Hausar yaron da aka haifa a waɗannan unguwanni take? Mun san ashana da agogo da akawu daga Yarbanci suka shigo mana tun da daɗewa. To, waɗanne kalmomi ne suke shigowa a bakin 'yan kasuwa a yau? Kowace ɗaya daga waɗannan tambayoyi ta isa kundi. Ga kuma gidajen adana takardun tarihi na ƙasa a Ibadan da Inugu, inda rahotannin zamanin Turawa suke jibge.

Sai an fita ake gane abin da allo ba ya koyarwa. A nan za ka san cewa ba a faɗa wa unguwa haka kawai, sai an bi ta hannun Sarkin Hausawa ko liman. Za ka koyi neman izini kafin ka kunna waya ka naɗi maganar mutum, da rubuta shekarunsa da sana'arsa da wurin da aka yi hirar da kwanan wata. Za ka ga cewa juyar da hirar awa ɗaya zuwa takarda yana cin yini guda, kuma ba ka da ikon gyara wa mai magana Hausarsa don ta dace da daidaitacciya, tunda abin da ka gyara shi ne abin da ka je nema. 'Yan'uwanmu mata kuwa suna da ƙofar da maza ba su da ita. Tarihin Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, Mary Smith ce ta rubuta shi daga bakin tsohuwar a ƙasar Zazzau, domin ita ke iya shiga cikin gida ta zauna da matan aure.

Batun madogara ma ba baƙonmu ba ne. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji? Abin da manazarta take nufi ke nan. Wanda ya kwashi aikin wani bai ambace shi ba ya ci amanar ilimi, wanda kuma ya dogara da bakin mutum ɗaya bai tuntuɓi na biyu ba ya yi gini a kan yashi.

Wani zai ce fita tana cin kuɗi da lokaci, kuma aljihun ɗalibi an san halinsa. Haka ne, shi ya sa ban ce a tafi Katsina ko Damagaram ba. Roƙona ga malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, shi ne a ware rabin makin wannan kwas ga ɗan ƙaramin aikin fage: hira ɗaya ta minti 20 a zango mafi kusa, a juye ta a rubuce, a yi mata sharhin shafi biyar, a karanta a aji kowa ya yi gyara. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa kuma ta riƙa tara waɗannan hirarraki a ajiye, don na baya su sami abin dubawa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuskuren da aka yi a hirar minti 20 malami zai gyara shi da jan biro. Wanda aka kai shi digiri na biyu kuwa, shekara guda yake ci. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.