Tamale Ta Ɗinka Labarinta, Mu Muna Rushe Namu

A watan Afrilun 2024 aka lulluɓe wani sashe na ginin Barbican, babbar cibiyar fasaha da ke tsakiyar Landan, da wani ƙaton yadi mai launin shunayya da ruwan hoda, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mita 2,000. Ba inji ne ya yi shi ba. Ɗaruruwan masaƙa da maɗinka ne a Tamale, can arewacin Ghana, suka saƙa shi ƙyalle-ƙyalle suka haɗa da allura da zare, kuma saboda girmansa sai a filin ƙwallon garin aka iya shimfiɗa shi. A jikinsa an ɗinka tsofaffin riguna wajen ɗari, irin saƙin da suke kira batakari, waɗanda aka karɓo daga hannun masu su, da gumin da suka sha da facin da aka yi musu. Mai wannan aiki shi ne Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987.

Ya kamata in yi murna, na kuma yi. Amma takaicin da ya biyo baya ya fi murnar yawa, domin babu wani abu da aka yi aikin nan da shi wanda babu irinsa a Kano ko Zariya ko Damagaram. Saƙi muna da shi. Rini muna da shi. Masu ɗinkin hannu da za su zauna wata da watanni suna fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, har yau suna nan a zaurukan birnin Zariya, idanunsu na mutuwa, dillali na kwashe ribar. Abin da muka rasa shi ne ganin darajar abin da ke hannunmu.

A dubi yadda mutumin nan ya fara. Buhun algarara ya ɗauka, wanda ake shigowa da shi daga Asiya don zuba koko, in ya tsufa a zuba masara ko shinkafa, daga ƙarshe ya ƙare a hannun masu gawayi. Kowane buhu na ɗauke da tambarin 'yan kasuwa da sunayen da aka rubuta a kansa da ɗinkin da wani ya yi masa a tasha. Ya tara mutane, cikinsu har da 'yan ci-rani da 'yan dako, suka haɗa buhunan, aka riƙa rufe gine-gine da su. A 2015 aikin ya kai babban baje kolin birnin Venice na Italiya, a shekarar da ɗan Najeriya Okwui Enwezor ya jagoranci taron. Wanda ya tsaya gaban buhunan nan yana karanta tarihin wahalar talaka ne: wa ya noma, wa ya ɗauka a ka, wa ya ci riba.

Abin da ya fi ba ni kunya a madadinmu shi ne abin da ya yi da kuɗin da ya samu. Bai tare a Turai ba. Ya koma Tamale, a 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah, a 2020 ya buɗe wata cibiyar mai suna Red Clay a bayan gari, sannan ya karɓi wani tsohon rumbun siminti da aka yi watsi da shi tun zamanin Nkrumah ya mayar da shi wurin baje koli. Ya sayo tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa, aka jawo su har garin, yara 'yan makaranta suna shiga ciki suna ɗaukar darasi. Mutum ɗaya ke nan, a garin da bai kama ƙafar Kano ba wajen jama'a ko dukiya.

To mu fa? Zariya na cikin manyan wuraren da zanen zamani na Najeriya ya kafu. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon Turawa ido rufe ba, sai sun haɗa abin da suka koya da fasahar da suka gada. Suka gama suka koma Kudu, suka dasa abin a Nsukka da Ibadan da Legas. Onobrakpeya ya kafa taron bita na shekara-shekara a mahaifarsa, inda gwanaye da masu koyo ke zama wuri ɗaya. Legas na da baje kolin Art X tun 2016, ga ɗakunan baje koli birjik. Sashen zanen da ya yaye waɗannan mutane yana nan a jami'ar, a Samaru, yana ta yaye ɗalibai, amma mai zanen da ya fito daga can in yana son ya ci abinci da sana'arsa sai ya nufi Legas ko Abuja. Mu muka shuka, wasu ke girbi, kuma ba laifinsu ba ne.

Na san amsar da ake bayarwa, na ji ta har na gaji: wai zane ba al'adarmu ba ce, wai addini ya hana. Malamai suna da maganarsu a kan surar abu mai rai, ni ba zan yi musu shisshigi ba. Amma ina surar mai rai a buhun gawayi? Ina take a allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani? Ina take a dagi, ko a zanen da magina ke fitarwa a fuskar soro, ko a sassaƙar ƙwarya, ko a aikin dukawa? Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, masana gine-gine na duniya har yau suna rubutu a kan bakan gizon da ya ɗaure. Kakanninmu sun fi mu riƙo da addini, sun kuma fi mu ƙawata muhallinsu. Kada a jingina wa addini lalacinmu.

Gaskiyar magana, raini ne. Uba zai ga ɗansa na zane a bayan littafi ya make masa hannu, ya ce aikin banza. Attajiri zai rushe gidan kakansa mai zane da zankwaye, ya dasa ginin siminti mai gilashi wanda ba ya shiguwa da rana in babu wuta, ya sayo hoton wani kogin Turai daga Dubai ya rataya a falo. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa shekaru ɗaruruwa da suka wuce, a gaban idonmu ake yanka ta ana fitar da filaye da shaguna. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, ramuka da yawa sun bushe, sai in baƙo ya zo a tuna da shi a kai shi ya ɗauki hoto. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar tukwane ta garin da yanzu ake kira Suleja a 1954, ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, hotonta na bayan takardar naira ashirin. A tambayi 'yan sakandare goma wace ce ita, a ji abin da za su ce.

Akwai kuma wani abu da ake yi da sunan shigar da al'umma wanda ke ƙona min rai. Ƙungiya za ta samo tallafi daga waje, ta tara yara a wata firamare, a ba su fenti da riguna masu tambari, su shafa a bango, a ɗauki hotuna, a rubuta rahoto, a watse. Ba a tambayi mutanen unguwa wane labari suke son a faɗa ba. Ba a nemi maginin unguwar ko marininta ba. Bayan damina ɗaya fentin ya kwaɓe, ba wanda ya koyi komai. Wannan ba shigar da al'umma ba ne, amfani da fuskar talaka ne don cika takarda. In da gaske ake, a biya mai sana'a haƙƙinsa, a rubuta sunansa a jikin aikin, a bar wani abu tsayayye a garin da za a ci gaba da shiga bayan baƙi sun tafi.

Kuma in ba mu faɗi labarinmu ba, wasu za su faɗa mana shi yadda suka ga dama. Shekara da shekaru hoton Arewa a idon duniya bai wuce gawa da hayaƙi da almajiri riƙe da roba ba. Da Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta ɗauki kyamara ta fara aikinta na Bits of Borno, tana nuna 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki a garin da kowa ya ɗauka ya mutu, manyan kafafen labarai na duniya sun buga hotunanta. Mace ɗaya da kyamara ɗaya ta gyara abin da jawaban jami'ai suka kasa gyarawa. Irinta nawa ne a Gusau da Katsina da Maraɗi waɗanda ba su sami ko wanda zai ce musu sannu ba?

Ba na jiran gwamnati ta fara, ko da yake kunya ce a ce ma'aikatun al'adu ba su san aiki ba sai hawan salla da raye-rayen tarbar baƙi. Da masu hali nake. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da suka durƙushe, gine-ginensu na nan a rufe. Alhaji, kai da Allah ya huwace wa, karɓi guda ɗaya ka gyara rufinsa. Ka kira malaman zane na Samaru, ka kira marina da magina da masu ɗinkin hannu, ka biya su, ka buɗe ƙofa kyauta ga 'yan makarantar boko da na allo. Ku kuma iyaye, yaron da kuka gani yana zane, ku saya masa takarda da fensir.