Sharhi: Garin Da Kake Zaune



A shekarun 1950, tun kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, mutanen Enugu sun zaɓi Malam Umaru Altine ya zama magajin garinsu na farko. Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato. Fataucin shanu ya kai shi can, ya zauna, ya shiga jam'iyyar NCNC. Sun san asalinsa sarai, amma abin da suka duba shi ne yadda ya riƙi garin da hannu biyu.

Yau kuwa, yaro an haife shi a Jos ko Kano, a can aka binne cibiyarsa, a can ya yi firamare. Ranar da zai nemi aikin gwamnati ko tallafin karatu, sai a ce ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar kakansa, garin da wataƙila ta'aziyya kawai ta taɓa kai shi. Alhali kuwa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, addini ko asali.

Ɓarnar ba a takarda ta tsaya ba, a zuciya take yin saiwa. Wanda kullum ake kira baƙo, a hankali shi ma sai ya yarda. Zai gina katafaren gida a ƙauyensu, amma kwatar da ke ƙofar gidan hayarsa ta toshe da ledojin fiya-wata, damina ta zo, ba zai ɗauki shebur ba. In ka yi magana ya ce, "Ai ba garinmu ba ne." Ɗan garin ma, abin takaici, sai ya naɗe hannu ya ce aikin gwamnati ne. Daga ƙarshe ruwa ya shiga ɗakin kowa.

To, ni dai ban yarda da wannan uzuri ba, ko daga bakin wa ya fito. Sashe na 24 na tsarin mulkin ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin biyan haraji da taimaka wa ci gaban al'ummar da yake zaune a cikinta, bai ce ta kakansa ba. Ba wanda ya ce ka jefar da harshenka ko addininka. Riƙe su da kyau, sannan ka fito aikin gayya, ka halarci taron iyaye da malamai, ka yi rajistar zaɓe a mazaɓar da kake kwana.

Ku kuma 'yan majalisa, a gyaran tsarin mulki ku ƙayyade shekarun da mutum zai zauna a jiha yana biyan haraji, daga nan shi da 'ya'yansa su samu haƙƙi daidai da na kowa.