Takardar da Ke Tsufa Cikin Kwana 28

Ɗalibin kimiyyar harshe yakan gaji fotokofin darasi daga yayyensa na shekarun baya, ya kuma ci jarrabawa da shi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 har yau ana buɗe shi a amfana. Mai koyon tuƙin jirgin sama ba shi da wannan gata, domin wasu takardunsa suna da ranar haihuwa da ranar mutuwa, kuma aiki da matacciyar takarda yana iya cin rayuka.

Ƙungiyar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta shimfiɗa tsarin AIRAC, wanda ya sa manyan sauye-sauyen bayanan tashi da sauka suke fara aiki a ranaku ƙayyadaddu, duk bayan kwana 28, kullum ranar Alhamis. A irin wannan rana mitar rediyon hasumiya takan iya sauyawa, haka ma hanyar kusanto filin jirgi. Gajerun sanarwowin NOTAM kuwa, masu faɗin rufe titin jirgi ko lalacewar wata na'ura, suna fita a kowace sa'a. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, tana wallafa kundin bayanan filayen Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas a intanet. Ga irin waɗannan matanoni babu abin ja-in-ja: a mabubbugarsu ya kamata a karanta su, a ranar da za a yi aiki da su.

Sai dai intanet na da nata tarkon. Tsohon littafi yana tona asirin kansa, ga ƙura, ga shafukan da suka yi ja. Kwafin da ɗalibi ya sauke a waya bara, ya tura wa abokansa ta WhatsApp, yana nan fes kamar yau aka buga shi. Ƙari ga haka, inda wuta ke ɗaukewa, layin sadarwa ke yankewa, ɗalibi kan sauke kundi sau ɗaya ya riƙe shi har abada.

Akwai kuma matanoni masu tsawon rai, kamar rataye 19 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944 da ƙa'idojin magana ta rediyo. Waɗannan sun fi dacewa da takarda da alƙalami. Dalilin na harshe ne. A nassin Ingilishi na ratayen, kalmar "shall" tana nuna doka tabbatacciya, "should" kuwa tana nuna shawara, wadda ake bugawa da karkatattun haruffa. Mai lalubo kalma ɗaya a allon waya yakan tsinci jimla ya tafi da ita, ba tare da ya ga ma'anonin kalmomi da aka gindaya a babin farko ba, ko togaciyar da ke sakin layi na gaba. Wanda ya bi babi daga farko zuwa ƙarshe, yana rubutu a gefen shafi, shi ke gane yadda dokar ta ginu.

Wannan nauyi ya fi yawa a kan ɗalibin da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci, ya yi makaranta da Faransanci, sannan aka buƙaci ya kai mataki na 4 cikin 6 na ƙwarewar Ingilishin jiragen sama. NOTAM ma kusan kari ne mai zaman kansa: taƙaitattun kalmomi, da kwanan wata na lambobi goma masu farawa da shekara, da agogon duniya wanda Nijar ta riga da sa'a guda. Hatsarin Tenerife na 1977, inda mutum 583 suka rasu, ya nuna abin da shubuha a magana ke jawowa.

Saboda haka makarantun horar da matuƙa su raba takardunsu gida biyu tun ranar farko: masu daɗewa a buga su a ba kowane ɗalibi, masu saurin tsufa a hana yawo da kwafinsu. Kowane shafin kundin bayanai yana ɗauke da ranar da ya fara aiki. Duba wannan rana kafin karanta ko da kalma ɗaya ya kamata ya zama darasi mai maki a jarrabawa.

Sassan kimiyyar harshe ma suna da rabonsu. Makarantar EAMAC, mai horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, tana nan Yamai, amma da wuya a ji ɗalibin harshe ya ɗauki harshen hasumiya a matsayin batun kundin digirinsa. Fili ne da ke jiran manomi.