Farautar barewa a manyan dazukan Amurka: ka fara da ƙaramin wuri

1/
Tun da na saka hoton barewar nan saƙonni ke ta shigowa. "Yallaɓai, yaya ake farawa?" "Wace bindiga zan saya?" Wani ma cewa ya yi in aiko masa da kilishi 😅 To bari in amsa gaba ɗaya. Zaren yana da tsawo, a gyara zama. 🧵

2/
Ra'ayina tun farko: in kana Amurka kana son fara farautar barewa mai farin wutsiya, ka fara a babban dajin gwamnati, amma ka yanki ɗan ƙaramin wuri a cikinsa ka san shi kamar tsakar gidanku. Bindiga ce ƙarshe a lissafi. Kuma ka sa a ranka shekarar farko, wataƙila har ta biyu, hannu rabbana za ka dawo.

3/
Hoton da kuka gani na shekarata ta uku ne. Shekara biyun farko ko harsashi ɗaya ban harba ba. Kakana maharbi ne, na ɗauka abin a jini yake, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wallahi rarrafen na yi, kuma a cikin dusar ƙanƙara.

4/
Ita wannan barewar ba irin tamu ta gida ba ce. Ta fi girma, babban namiji yakan wuce kilo 90. Ƙahon namijin reshe-reshe yake, yana faɗuwa duk lokacin sanyi wani sabo ya fito. Ƙasan wutsiyarta fari fat ne, in ta tsorata sai ta ɗaga shi ta zura. A shekarar farko wannan farar wutsiyar ce kaɗai za ka riƙa gani, tana yi maka sai an jima.

5/
Inda nake zuwa shi ne dajin Ottawa na gwamnatin tarayya, a can arewacin jihar Mishigan, yankin da suke kira U.P. Daga Detroit tafiyar sama da awa takwas ce a mota, sai ka haye gadar Mackinac mai tsawon kusan kilomita 8. Faɗin dajin ya kusa eka miliyan ɗaya, wato ya kusa ninka Yankari biyu. Wurare da yawa waya ba ta kamawa.

6/
Na san masu cewa wannan ai wahalar da kai ne. A kudancin Mishigan, inda ake noman masara da waken soya, barewa ta fi yawa nesa ba kusa ba. Gaskiyarsu ce. A babban dajin arewa abinci kaɗan ne, sanyi na kashe su, ga kyarkeci. Kana iya yin kwana uku ba ka ga ko ɗaya ba. To me ya sa nake turo ku can?

7/
Dalili na farko: gonaki na mutane ne. Sai mai gona ya ba ka izini, wasu ma hayar wurin suke bayarwa da kuɗi mai kauri, kuma shiga ba izini laifi ne. Mu faɗi gaskiya, baƙon baƙar fata mai baƙon harshe ya je ƙauye yana ƙwanƙwasa ƙofa yana neman a bar shi ya shiga gona da bindiga, ba kowa ke da wannan zuciyar ba. Dajin gwamnati kuwa lasisinka ya ishe ka.

8/
Na biyu: a bakin gona abinci ne ke kawo maka barewa, kai zama kawai kake yi. A babban daji dole ka koyi inda take ci, inda take kwana, da hanyar da ke tsakani. Wanda ya koya a nan ko'ina ka kai shi zai yi farauta. Amma in nama kawai kake so a firiza kuma kana da abokin da ke da gona, bisimilla, je ka. Ba gardama nake ba.

9/
Kafin daji, takardu. A Mishigan duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1960 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari na mafarauta kafin ya sayi lasisi. Akwai lasisin ɗan koyo da za ka iya amfani da shi shekara biyu ba tare da kwas ɗin ba, amma sai wani mai lasisi ɗan shekara 21 ko fiye yana tare da kai.

10/
Lokacin farautar barewa da bindiga daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba ne. Ana harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Dole ka sa riga ko hula mai launin ruwan lemo mai ƙyalli, don kada wani maharbin ya ɗauke ka dabba. Tun 2022, in ka kashe sai ka sanar da hukuma ta intanet cikin awa 72. Ƙa'idar harbin mace da adadin rassan ƙaho tana canzawa, karanta littafin dokar shekarar.

11/
Ɗalibai da masu bizar ziyara, ku saurara da kyau. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga, sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, kuma mai lasisin farauta da bai ƙare ba yana cikinsu. Kada ka taɓa bindigar kowa, ko ta aboki ce, sai ka tabbatar da matsayinka. Wannan ba wurin "ai ba komai" ba ne, takardun zamanka ke kan layi.

12/
Wani zai ce dokokin sun yi yawa. A wajen shekarar 1900 barewar nan ta kusa ƙarewa a Amurka, an kiyasta saura kamar rabin miliyan, saboda harbi don kasuwa da sare dazuka. Yau ana maganar kimanin miliyan 30. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba, dokar Pittman-Robertson ta 1937 kuma ta sa harajin bindigogin farauta da harsashi, kashi 11 cikin ɗari, yana tafiya kula da namun daji.

13/
Mu da muka ji labarin barewa a bakin kakanni, muka tashi muka tarar dajin garinmu ko zomo da ƙyar, bai kamata a ji mu muna ƙorafin doka ba. Ni dai duk shekara da farin ciki nake biyan kuɗin lasisin.

14/
Yanzu ga yadda na ɓata. Shekarar farko, rana ta biyu, na ga sawu a dusar ƙanƙara na bi shi kaina a ƙasa. Taswira tana cikin wayata. Sanyi ya cinye batirin, daga rabi zuwa mutuwa kamar wasa. Na ɗago, ko'ina bishiya iri ɗaya, sama ta rufe ba rana, sabuwar dusa tana binne sawuna. A can kafin biyar da rabi duhu ya rufe.

15/
Na yi gumi, rigar cikina ta auduga ta jiƙe, ina tsayawa sai rawar ɗari. Abin da ya cece ni wani dattijo abokin aikina ne da ya tilasta mini sa kamfas a aljihu, ya kuma ce in haddace abu ɗaya: titin da ka ajiye mota ya miƙe gabas da yamma, kai kana arewa da shi, in ka rikice ka yi kudu kawai. Na fito titi bayan isha'i, nesa da motar, amma na fito.

16/
Saboda haka kafin ka tambaye ni bindiga: kamfas, taswirar takarda, tocila ta goshi da ƙarin batir, ashana ko laita a leda, ruwa, wuƙa, igiya. Kayan ulu, ban da auduga, don auduga in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Takalmi mai kyau da ba ya shan ruwa. Kuma ka gaya wa wani daidai inda ka ajiye mota da lokacin da za ka fito.

17/
Kuskurena na gaske shi ne son cinye dajin da ƙafa. Kullum sabon wuri, kullum baƙo. A shekara ta biyu na zaɓi yanki ɗaya da bai wuce murabba'in kilomita uku ba, na ce nan ne gonata. Daga nan abubuwa suka fara ba da ma'ana.

18/
Yadda ake zaɓa: buɗe hoton tauraron ɗan'adam ka nemi inda iri biyu suka haɗu. Inda aka sare katako shekarun baya ƙananan itatuwa suka tsiro cunkus, nan ne abincinsu. Fadama mai itatuwan da ba sa zubar da ganye, nan ne maɓoyarsu. Tudun da ke da itacen ok mai zubar da ƙwaya, nan ma abinci. Siririn tudu tsakanin fadama da tafki kuwa dole ta nan za su bi.

19/
Ka je tun ba lokacin farauta ba, ba bindiga. Bayan dusar ƙanƙara ta narke, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, alamun bara suna nan a fili kuma ganye bai rufe su ba. Ka sake komawa a Oktoba. Ka kula da kaska a jikinka in ka dawo, wani irin nata yana kawo cutar Lyme.

20/
Alamun da za ka nema: ƙaramar bishiya da aka goge ɓawonta da ƙaho har fari ya fito. Wuri a ƙasa da aka share ganye da kofato, yawanci ƙarƙashin wani reshe da ya sauko, nan namiji ke barin warinsa. Kashi sabo mai laushi. Makwanci, inda ciyawa ko dusa ta lotsa. Alama ɗaya ba komai ba ce. In ka ga sun jeru a layi, ka samu hanya.

21/
Sai iska, kuma ita ce malamar kowa. Barewa tana iya shakkar idonta, ba ta shakkar hancinta. In iska ta ɗauki warinka ta kai mata, an gama, ba ma za ka san ta zo ba. Kullum iska ta riƙa dukan fuskarka. A wurin tudu, da safe in rana ta ɗumama iska sama take hawa, da yamma ta gangaro kwari. Ka zauna da wannan lissafin.

22/
Nuwamba lokacin barbararsu ne, maza suna yawon neman mata har da rana tsaka. Da yawa daga mafarauta suna komawa mota cin abinci wajen sha ɗaya. Kai ka tafi da abincinka ka zauna. In za ka yi tafiya, taku uku ko huɗu ka tsaya ka duba, tsayuwar ta fi tafiyar tsawo. Bin sawu a dusa irin na Larry Benoit, shahararren maharbin jihar Vermont, yana da daɗin kallo, amma ka ga inda ya kai ni.

23/
A shekara ta biyu na ga namiji, ƙaho har ƙaho, bai fi taku sittin ba. Zuciyata kamar ta fito. Amma ɗuwawunsa kawai nake gani ta cikin rassa, ƙirjin yana bayan bishiya. Yatsana na kan kunama. Ban harba ba, ya wuce. Na ji haushi har Detroit, sai dai da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Harbin da zai raunata dabba ta je ta mutu a wahale inda ba za ka same ta ba, ba farauta ba ne.

24/
Inda ake nufa shi ne bayan kafaɗar gaba, wurin huhu da zuciya, lokacin da ta ba ka gefe. Sai ka tabbatar da abin da kake gani da abin da ke bayansa, ba a harbin motsi ko ƙara. Ka je filin koyon harbi tun da rani har ka san iyakar nisan da hannunka ke kaiwa. A irin wannan daji mai duhu yawancin harbi na kusa ne, ba ka buƙatar bindiga mai tsada.

25/
Shekara ta uku, rana ta huɗu, sha biyu saura, a wannan siririn tudun da na gano tun watan Mayu. Ya fito hancinsa a ƙasa, ya ba ni gefe. Na yi bisimilla na danna. Na daure na jira rabin awa kafin in bi jinin, don in ka bi da wuri kora shi za ka yi. Bai yi nisa ba. In ka tarar da sauran rai ka yanka, sauran hukuncin ka tambayi malaminka kafin ka fita.

26/
Abin da hoto bai nuna muku ba: liƙa takardar lasisi, farke ciki a cire kayan ciki da hannu mai sanyi, sannan ja. Ni da abokina mun kwashe kusan awa huɗu muna jan sa ta kan faɗaɗɗun itatuwa da taɓo. Duk takun da ka yi zuwa ciki, da kaya za ka rama shi. Kada ka shiga inda ba za ka iya fito da nama ba.

27/
To wanda ya tambaye ni wace bindiga zai saya, ga amsarka: yi rajistar kwas ɗin a wannan watan, sayi kamfas da takalmi, zaɓi wurinka a taswira, je ka taka shi sau biyu kafin Nuwamba, ka nemi wanda ya riga ka ya raka ka. In ka yi waɗannan ka dawo mu yi maganar bindiga.

28/
Mai kilishi kuma ka yi haƙuri, naman barewar daji ba a sayar da shi a nan, sai dai kyauta, kuma Hajiya ta riga ta raba 😂 Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan na tashi aiki. Allah Ya kai mu Nuwamba lafiya, Ya dawo da kowa gida.