An cike fom, an danna "aika", sai kuma shiru

Makarantu masu zaman kansu, dillalan filaye da kamfanonin shirya tafiyar Umara da dama a garuruwanmu yanzu sun mallaki shafin intanet. Kusan kowane shafi kuma akwai fom a ƙasansa da ke cewa ka rubuta sunanka da lambar wayarka, za a tuntuɓe ka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, idan mutum ya cike ya danna "aika", ina bayanin nasa yake zuwa? Sau da yawa yana faɗawa ne cikin wani akwatin imel da wanda ya gina shafin ya buɗe kafin ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa, mai kasuwar kuwa ko kalmar sirrin bai riƙe ba.

A Kantin Kwari babu mai shagon da zai bari a yi masa sallama ya ce sai jibi zai amsa. Amma mutum ɗaya ne zai biya Facebook kuɗin talla, ya jawo jama'a zuwa shafinsa, sannan ya bar su tsaye a ƙofa har mako guda.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A shekarar 2011 mujallar Harvard Business Review ta wallafa wani bincike da aka gwada kamfanoni 2,241 a Amurka ta hanyar aika musu da buƙatar saye ta shafukansu. Kashi 37 cikin 100 ne suka amsa cikin awa guda, kashi 23 kuma ba su taɓa amsawa ba. Masu binciken sun kuma gano cewa wanda ya tuntuɓi mai buƙata cikin awa ta farko ya ninka wanda ya ƙara ko da awa ɗaya kusan sau bakwai wajen samun magana mai ma'ana da shi. Dalilin a fili yake: uban da ke neman wa 'yarsa makaranta ba fom ɗaya ya cike ba, uku ko huɗu ne, kuma wanda ya riga kira shi ne zai fara ganinsa a ofis.

A ganina maganin ba shi ne a ɗauki ƙarin ma'aikaci ya zauna gadin imel ba. A haɗa fom ɗin kai tsaye da inda aiki yake gudana. Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar fahimta: da zarar an danna "aika", shafin zai tura bayanin zuwa wata manhaja da ke tsakiya, ita kuma ta rarraba shi kamar yadda aka umarce ta. Ta ƙara layi a jadawalin masu buƙata, ta aika wa mai karɓar baƙi sanarwa a wayarsa, ta kuma shaida wa wanda ya cike cewa saƙonsa ya iso. Manhajoji irin su Zapier da Make aikinsu ke nan, kuma ba sai mutum ya iya rubuta umarnin kwamfuta ba. Wanda ma bai kai nan ba, Google Forms na zuba amsoshi da kansa cikin Google Sheets kyauta, yana kuma iya sanar da kai duk lokacin da sabuwar amsa ta shigo.

Akwai batun kuɗi. Tsarin kyauta na Zapier ayyuka 100 ne a wata, idan an wuce sai biya, kuma da dala ake biya. Tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024, ƙaramin ɗan kasuwa dole ya yi lissafi kafin ya ɗaura wa kansa biyan wata-wata. Wanda masu tuntuɓarsa ba su wuce ashirin a mako ba, hanyar kyauta ta ishe shi.

Sai dai inda nake rabuwa da wasu masu tallata wannan fasaha shi ne inda suke nuna kamar na'ura za ta yi cinikin gaba ɗaya. Mai saye a wajenmu yana son ya ji murya. Yana son a gaisa, a tambaye shi iyali, ya taya, a ce albarka, ya ƙara. Wanda zai ba da miliyoyi don fili ko kujerar Umara ba zai sallama su ga saƙon da ya zo cikin daƙiƙa biyu da Turancin da aka kwafo ba, balle a wannan zamani da 'yan damfara suka sa kowa ke ɗari-ɗari da baƙon saƙo. Saƙon farko na na'ura ya tsaya a kan abu biyu: mun samu, kuma wane zai kira ka kafin ƙarfe kaza. Sannan wanen ya kira ɗin. Idan aka yi alkawarin kira kafin La'asar ba a kira ba, gara ma ba a aika komai ba.

Wani abin da ake mantawa shi ne bayanan nan amana ne, kuma yanzu doka ta shigo ciki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta tanadi cewa a tattara bayanan mutum don wata manufa da aka bayyana, kada a karɓi fiye da abin da ake buƙata, kuma yana da 'yancin ya ce a daina aiko masa da talla. Tarar ƙaramin mai tattara bayanai na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Don haka ɗabi'ar nan ta kwashe lambobin waɗanda suka cike fom a zuba su cikin zauren WhatsApp ba tare da izininsu ba, inda lambar matar aure za ta bayyana ga baƙi ɗari biyu, rashin kyautawa ne kuma jawo wa kai magana ne. Haɗa fom da manhajoji yana ƙara yawan wuraren da bayanin ke sauka, saboda haka mai kasuwa ya san su wane ne ke iya buɗe jadawalin, ya kuma cire sunan ma'aikaci a ranar da ya bar aiki.

Shi kansa fom ɗin a taƙaita shi. Suna, lambar waya, abin da ake nema, da lokacin da ya fi dacewa a kira. Mai tambayar farashin fili ba shi da dalilin ba ka lambar NIN ko ranar haihuwarsa. A rubuta shi da Hausa idan da Hausa ake cinikin. A kuma tsara yadda za a shigar da lamba, domin wani zai fara da 0803, wani da +234, sai jadawali ya ɗauki mutum ɗaya a matsayin biyu, a yi ta damunsa da kira. Sannan duk ranar Litinin wani a ofis ya cike fom ɗin da sunansa ya gani ko saƙon ya iso, domin irin wannan haɗi yakan katse ba tare da sanarwa ba idan an canja kalmar sirri ko an taɓa wani abu a shafin.